Riga Mai Ƙulli Biyu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da gwiwar nan taka da ta fi kowa tsiwa a gidan. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka fara shari'ar Auta wayata take wani ƙas-ƙas idan na ɗaga, shi ya sa na daina faɗin komai a cikinta ban da sannu da gajiya. Zan riƙa ba wa direban nan mai tabo a goshi, shi dai ban taɓa jin ya kwashi maganar wani ya kai wa wani ba.

Ka san abin da ake tuhumar ƙaninmu da shi, amma ba ka san yadda gari ya ɗauke shi ba. An rabu gida biyu. Wasu na cewa Auta, da kakinsa na ɗan sanda, ya harbe mai sayar da lemo da rana tsaka don kawai ya ƙi janye teburinsa daga bakin titi. Wasu na cewa mai lemon ne ya kawo masa sara da wuƙar da yake fere lemo, shi kuma ya kare kansa. Gidan rediyo ya ware awa guda kullum ana bugo waya ana yanke hukunci. Jiya wani ya rantse har sau uku cewa a gabansa aka yi, da aka tambaye shi hannun da mai lemon ya riƙe wuƙar sai layi ya tsinke.

Shagona kuwa bai taɓa cika irin na yanzu ba. Mata na kawo zannuwan da ba abin da ya same su, wai in duba musu kalmasa. Ina dubawa su kuma suna duba fuskata. Wata ta kawo rigar mijinta da maɓalli ɗaya a hannu, zaren da aka tsinke shi yana nan ɗanye, ta zauna ta ce, "Ke da kika raine shi, ai kin fi kowa sanin halinsa. Yana da saurin hannu ne?" Na ɗinka mata maɓallin na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar Talata na je kotu. Auta ya rame, wuyansa ya yi tsawo kamar lokacin da ya yi zazzaɓin nan yana aji uku. Da ya hango ni ya ɗaga mini gira, irin yadda yake yi idan ya fasa mini kofi. Kukan da na riƙe tun daga gida ya kusa ƙwace mini.

Lauyansa mutum ne mai yawan murmushi, ni kuma ban cika yarda da mai yi wa kowa murmushi iri ɗaya ba. Duk kariyarsa ta rataya a kan abu guda, wato rigar kakin da ya ce Auta na sanye da ita a ranar. An fito da ita daga leda aka ɗaga sama, ga tsaga nan a gaban kafaɗa, tsawon ɗan yatsa. Kotu ta ɗauki guna-guni. An zagaya da ita kusa da bencinmu, na gan ta sosai, sai na tashi na fita shan iska.

Za a ci gaba mako mai zuwa. Ka sa mu a addu'a. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata hannun rigar da ta aiko ya kusa.

Ƙanwarka,
Allura

*

Zuwa ga ƙanwata Allura,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni lafiya, kuma bakin ambulan a liƙe yake, na duba shi ta hasken taga kafin in buɗe. Iyali suna amsawa. Gwiwa tana nan da halinta.

Mu ma nan ba mu tsira ba. Na daina zuwa shagon askin da na shekara ashirin ina zuwa, domin da na shiga sai a yi tsit, da na fita sai a ɗora daga inda aka tsaya. Wani tsohon ɗalibina ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Malam, kai da ka koya mana cewa kaki ba lasisin kisa ba ne, yanzu me ka ce?" Na ce masa abin da na koya muku yana nan, ban goge shi daga allo ba. Matsayina ke nan. Idan Auta ya kare kansa ne, kotu ta sake shi. Idan ya zalunci bawan Allah, doka ta yi aikinta, ko da ɗan uwarmu ne. Kin san ban taɓa son shigarsa aikin nan ba, ke kika tsaya masa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na yi shekara talatin da biyu ina duba rubutun yara, na san inda ɗalibi ya tsallake layi da gangan. Kin ba ni labarin matar maɓalli dalla-dalla, har da zaren da ya rage. Amma da kika zo kan rigar da ran ƙaninmu ya rataya a kanta, sai kika ce kin fita shan iska. Ke da kike iya zama a shagon nan mai rufin kwano tun safe har la'asar ba ki nemi iska ba?

Auta a ɗakin bayan shagonki yake kwana. Ke kike wanke masa kakinsa, ke kike gogewa. Babu wanda ya san rigunan nan kamar ke. Me kika gani?

Kada ki ba ni amsar da kike ba wa matan shago. Ni ba kalmasa na kawo ba.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci. Allah ya fid da mu.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya shirye ka da jan biron nan naka, ko ritaya ba ta raba ka da shi ba. To, ka karanta wannan kai kaɗai.

Rigar da aka ɗaga a kotu ba ita ce Auta ya sa a ranar ba.

Rigunan kakinsa uku ne, kuma iri ɗaya ne. Don kada ya riƙa cinye guda ɗaya ya bar sauran, tun da aka ba shi su na yi musu alama a cikin wuya da jan zare: wannan ƙulli ɗaya, wannan biyu, wannan uku. Shi kansa ba na jin ya taɓa lura. Ranar da abin ya faru mai ƙulli biyu na miƙa masa da safe. Wadda aka zagaya da ita a kotu wuyanta ya ɗan buɗe, na ga ƙullina uku suna kallona.

Ga yadda aka yi. A ranar, wajen azahar, motar ofishinsu ta sauke shi a bakin shago. Ya wuce ni ba sallama, ya tuɓe rigar ya jefa a kwandon gyara, ya sa ta gida ya koma motar. Na ɗauka faɗa ya yi da wani babba a wurin aiki. Ka san ni, ba na iya ganin yaga in ɗauke kai. Na ɗaga rigar na ga ta yage a kafaɗa, na zaro zare daga cikin kalmasarta don launi ya zo ɗaya, na cike yagar sili-sili kamar yadda Inna ta koya mini. Na wanke, na goge, na rataye ta tare da 'yan uwanta. Sai da la'asar na kunna rediyo na ji abin da ya faru.

Washegari Saje ya zo, mai gidansa a wurin aiki, wannan mai ƙaton ciki da ke kirana 'yar uwa. Ya ce Auta ya faɗa a bayaninsa cewa wuƙa ta yaga masa riga, a ba shi ita. Kafin in buɗe baki ya wuce ɗakin baya ya sauko da duka ukun. Ya juya su gaba da baya, ya kai su bakin ƙofa ya ɗaga wa rana. Bai ga komai ba. Yaya, shekara ashirin da shida ina alfahari da cewa ba a gane inda na taɓa, ranar nan na so a ce aikina bai yi kyau ba.

Ya ce, "Yaron nan zai kashe kansa da ƙarya." Ya dube ni ya ce, "Riguna nawa gare shi?" Na ce uku. Ya ɗauki ɗaya ya cusa a jaka, ya ce kada in gaya wa kowa ya zo. Ban ce masa ga wadda ya kamata ya ɗauka ba. Ban yarda da idonsa ba, shi ya sa na yi shiru.

Tsagar da ke jikin rigar kotu kuwa ba wuƙa ba ce. Almakashi ne. Akwai ɗan tudu a tsakiyarta, inda mai yankan ya buɗe almakashin ya sake kamawa. Ko 'yar koyo ta wata uku za ta gane. Idan ɓangaren masu ƙara suka samu wanda ya san yadi, an gama da Auta, domin za a ce shi ya yanka don ya wanke kansa.

Mai ƙulli biyu tana nan wurina, a ƙarƙashin tulin guntayen yadi. Ina jin ta a bayana duk lokacin da na hau keke.

Ka gaida gida.

Allura

*

Ƙanwata,

Bayan sallama da fatan alheri. Kafin takardarki ta iso, jarida ta riga ta. Masu ƙara sun kawo ƙwararre, kuma ya faɗi abin da kika faɗa kusan kalma da kalma, har da tudun tsakiya. A nan mutanen da jiya suke kare Auta yau su ne suke cewa a rataye shi. Mai shagon da ke kusa da mu ya miƙo mini canji ba tare da ya dube ni ba.

Amma da na karanta takardarki sai na yi hamdala, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni lafiya. Ashe yaron bai yi ƙarya ba. Rigarsa ta yage da gaske, kuma shaidar tana hannunmu. Laifin na Saje ne, shi ya yi ƙage, shi zai amsa. Ke kuwa ba ki da laifi, sana'arki kika yi. Ki ɗauki rigar nan ki kai wa lauya gobe-goben nan, kada ki ba wa kowa saƙo, kada kuma ki bi ta gaban ofishinsu.

Na rubuta wancan sakin layi, na ninke takardar, har na lashi ambulan. Sai na warware.

Idan rigar nan za ta wanke shi, me ya sa kika binne ta wata biyar? Kin ce ba ki yarda da idon Saje ba. Na ji. Amma lauya fa? Ni fa? Ke da kika taɓa zuwa makaranta kika tsaya a kan hedimasta saboda an yi wa Auta bulala biyu, ba za ki zauna a kan abin da zai cece shi daga igiya ba, sai da dalili.

Kin siffanta mini tsagar ƙarya har da tudunta. Ta gaskiyar kuwa cewa kawai kika yi ta yage a kafaɗa. Kin sake tsallake layi. Wace irin yaga ce, kuma ta wane ɓangaren kafaɗa?

Ina jiran amsa da direban jibi.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ya shago. Wannan ta hannun lauya zan ba da, ba za a karanta a ƙofar gidan yari ba. Sabulun da kika aiko ya iso, na gode.

Yayata, rigar da suka nuna ba tawa ta ranar ba ce, na san kin gane. Na gaya musu tun farko a baya ne aka yage ni, suka ce in yi shiru in bar manya su yi aikinsu. Yanzu manyan duk sun janye, ko Saje bai ƙara leƙo ni ba. Da lauya ya matsa mini na ce masa a kwandonki na jefa ta, kuma na san ba kya barin yaga ta kwana.

Wallahi ban tashi da niyyar kashe kowa ba. Muna ta musu da shi a kan tebur, wuƙa na hannunsa, mutane sun taru suna ihu. Na juya zan kira abokin aikina, sai na ji an fizge ni a kafaɗa, na ji ƙyat. Na juyo na ga wuƙa. Daga nan ban san sauran ba. Kullum sai na gan shi idan na rufe ido.

Ana buƙatar ki tabbatar wa kotu mai daraja cewa yagar da kika gyara ta yi daidai da saran makami mai kaifi.

Ke kika goya ni, ba ni da wata uwa sai ke. Ki fitar da ni daga nan. Ba zan ƙara sa kaki ba, ko guga ce zan riƙa yi miki a shago.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ga takardar Auta nan na haɗo maka. Ka karanta, za ka ga layi ɗaya da ba bakinsa ba ne. Yaron da har yau ba ya iya rubuta sunan unguwarmu daidai, shi ne zai ce "makami mai kaifi"? Lauya ya tsaya a kansa ya yi masa shifta.

Ka tambaye ni, ga amsa. Yagar a bayan kafaɗa take, kuma siffar lamba bakwai gare ta, ta tafi kwance sannan ta karyo ƙasa, bakinta duk gashi-gashi. Wuƙa ba ta yin haka. Wuƙa tana wucewa ne a miƙe, ta bar baki sumul. Lamba bakwai aikin ƙusa ne, ko ƙugiya, ko bakin kwano: abu ya kama yadi yana tsaye, mutum ya yi gaba. Na cike irinta ta fi dubu, rabin abincina daga ƙusoshin bencin mutane yake fitowa. Tun ranar da rediyo ta ce wuƙa na san ba haka ba ne, shi ya sa bakina ya mutu a gaban Saje.

Na yi ta ce wa kaina wataƙila na manta, wataƙila idona ne. Shekaranjiya na ɗauki tef ɗin awo na tafi wurin. Teburin mai lemon yana nan a bakin titi, ba wanda ya yarda a taɓa shi, an manna masa takardu da hotonsa har sun koɗe. Yana da 'yar rumfa a kan sanduna huɗu. A sandar hagu akwai ƙusa da yake rataya leda, kanta ya lanƙwashe waje. Na yi kamar ina gyara takalmi, na auna daga ƙasa. Na san awon Auta tun daga wuya har idon sawu ba sai na duba littafi ba. Daidai kafaɗarsa take.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Na yarda ya ji an fizge shi, na yarda ya ji ƙyat. Amma mutumin nan bai taɓa shi ba, Yaya.

Lauya ya zo shago jiya, na nuna masa rigar. Ya fi minti biyar yana neman inda na gyara, sai da na juya masa cikinta. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, hannunki ya cece mu. Ɗinkin nan ya rufe komai. Ba wanda ya ga yagar sai ke, abin da kika ce shi ne." Na ce idan aka tambaye ni siffarta fa? Ya ce, "A miƙe take, ko ba haka ba?" Yana murmushin nan nasa. Ya tafi da rigar, ya sa sunana cikin shaidu, ranar Alhamis ta sama.

Akwai abin da ban gaya maka ba. A zaman da ya wuce benci ya cika, na zauna kusa da wata mata mai ciki. Zafi ya dame ni, ta miƙo mini ruwanta. Ba ta san ni ba. Muna jira a shigo da alƙali ta ce, "Ni ba jinin kowa nake nema ba. Yarana ne ake ce musu ubanku ɗan daba ne, ya sari hukuma. So nake a faɗa a nan, a rubuta, cewa lemo yake ferewa." Na sha ruwan matar nan, Yaya. Matar mai lemon ce.

Kai ne babba, kai ne mai cewa doka ta yi aikinta. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Allura

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun suna kwandon shara a yayyage.

Da farko, bakin ambulan ɗinki na ƙarshe ya yi laushi, kamar an kara shi a tururi. Wataƙila ruwan sama ne. Wataƙila kuma direban ba mai riƙon amana ba ne kamar yadda muke zato. Ki ƙone duk takarduna, ni na riga na ƙone naki.

Na tambayi wani abokina da ya yi aikin kotu, ban ce masa a kan wa ba. Ya ce idan aka yarda an sari wanda ake tuhuma, zai fita. Idan aka ce ba a taɓa shi ba amma ya yi zaton an taɓa shi, ya danganta da alƙali: yana iya samun shekaru masu yawa, yana iya samun abin da ya fi haka, balle a tamu shari'ar da rigar ƙarya ta fusata kowa kuma jama'a na tsaye a ƙofar kotu da kwalaye. Ba wanda zai iya ba mu tabbaci.

Ba zan ce ki ce wuƙa ce ba. Ban kai nan ba. Amma wata biyar ba kwana biyar ba ne, kuma kin ce da kanki kin cike yaga ta fi dubu. Idan kika ce ba ki tuna siffarta ba, wa zai ƙaryata ki? Ki tabbatar musu rigar ta zo a yage, wannan gaskiya ne. Ki tsaya a nan. Sauran ki bar wa lauya.

Na san abin da kike faɗa a ranki. Na faɗa wa kaina fiye da haka. Ɗalibin nan ya sake gaishe ni jiya, na tsallaka titi kamar ban ji ba. Ashe abin da nake rubutawa a allo yana da sauƙi ne saboda 'yan uwan wasu ne. Matar da kika ba ni labari ta hana ni sukuni, amma mijinta ba zai dawo ba ko me kika faɗa, Auta kuwa yana da rai. Ranar da Inna za ta cika, hannun Auta ta sa a naki, ni ina tsaye a bakin gado. Abin da ya rage mini in faɗa ke nan, kuma ina jin kunyarsa.

Zan so in zo ranar Alhamis, amma gwiwa ta tashi. Ki yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Za ka ji a rediyo, amma gara ka ji daga gare ni.

Na faɗi maganar ƙulli, na faɗi zuwan Saje. Da aka tambaye ni siffar yagar, na buɗe baki in ce ban tuna ba, kamar yadda ka ce. Wallahi na yi niyya. Sai na ga rigar a kan tebur, ɗinkina a kwance a kanta lafiya lau, yana rufe abin da ba shi da ikon rufewa. Na ce wa alƙali ba sai an dogara da bakina ba, a ba ni reza. Lauya ya miƙe yana ta magana, alƙali ya ce ya zauna.

Minti goma sha biyu na yi ina warwarewa. Da na zare silin ƙarshe, lamba bakwai ta buɗe, sai na faɗi maganar ƙusa da awon da na yi. Na kuma ce na yarda ƙanina ya yi zaton an sare shi, domin ni na raine shi kuma na san fuskarsa idan yana ƙarya.

Ban dubi matar ba, na dai ji kukanta. Auta na duba. Ya daɗe yana kallon rigar, sannan a hankali ya kai hannu bayan kafaɗarsa ya taɓa wurin. Bai sani ba, Yaya. Sai yau ya sani. Da za a fita da shi bai ɗaga mini gira ba.

An sa hukunci nan da mako uku. A waje wasu sun tofa mini yawu, wasu sun so su ɗaga ni sama, na ratsa su duka na hau mota.

Takardunka suna nan, ta ƙarshen kawai na ƙone, kuma ba wanda zai ji daga bakina cewa ka rubuta ta. Ka lallaɓa gwiwar nan ka zo ranar hukunci. Idan Auta ya waiwayo, ya kamata ya samu wanda zai iya kallo.

Ƙanwarka,
Allura